Ƙasar da Ba Ta da Shinge

Maren ta zo ran Lahadi da kwali a hammata,
ta ture magungunana gefe, ta jona waya a bango.
"Kaka, na kawo maka doki."
Na ce, "Nawa na sayar tun ba ki yi haƙori ba."

Shekara hamsin da ɗaya na bi shanu a gabashin Montana.
Yau ina hawa na uku a Billings, bisa shagon wanki,
inda daɓe ke rawa in injuna sun kama matse kaya.
Ta ɗora mini wani abu a tafin hannu,
baƙi, mai santsi, kamar ƙahon ɗan maraƙi,
maɓallansa sun fi yatsuna yawa.

Sai gilashin ya waye.

Ciyawa har gindin sama.
Kogi ya miƙe yana sheƙi kamar wuƙar da aka wasa.
Na baza ido ina neman waya mai ƙaya,
ina neman turke, ƙofa, allon "an hana shiga".
Babu.
Ni da na ƙarar da ƙuruciya ina ɗinke shinge,
yau an ba ni duniya ba a ɗinke ba.

Wani mai hula ya ɗaga mini hannu a bakin hanya.
Na so in amsa gaisuwa,
babban yatsana ya zame, na harbe shi.
Maren ta faɗi ƙasa tana riƙe ciki,
gari ya ɗauka, an sa kuɗi a kaina.
Tsofai-tsofai da ni, ko tarar mota ba a taɓa ci na ba,
kafin shayina ya huce na zama ɗan ta'adda.

Ƙarya dai akwai ta, jibgi.
Babu ƙuda. Babu warin jiƙaƙƙen bargo.
Mutumin nan ya wuni yana sukuwa
bai duba majayi ba, bai taɓa kofato ba,
gwiwarsa ba ta ƙara, bayansa bai san asuba ba.
Harsashi kuwa kamar ƙanƙara a kan kwano.
Ni sau biyu na ɗaga bindiga da niyya:
ɗaya ga kyarkeci, na kuskure,
ɗaya ga Biskit, goɗiyata, ran da ta karye a rami.
Wannan ban kuskure ba.

Na juya linzami, na bar musu garinsu.
Na nufi duwatsu, ba wanda ya aike ni.
Dusar ƙanƙara ta soma, sawu na bin mu a baya.
Can wani abu ya motsa cikin itatuwa,
sai dokin ya karkata kunne ɗaya, na hagu,
ya bar na dama yana saurarena.

Na ajiye numfashi.
Wanda ya zana wannan ya taɓa tsayawa kusa da doki.
Ya tsaya shiru, ya daɗe.

Ban san sa'ad da Maren ta yi barci ba,
kanta a hannun kujera, takalmi ɗaya a ƙafa.
Injunan ƙasa sun yi shiru.
Na hana shi gudu, muna tafe a hankali,
har muka iske bukkar katako, hayaƙi na fita,
irin wadda Ardith ke kunna fitila a tagarta
in dare ya riske ni a waje.
Ban ƙwanƙwasa ba. Na san ba ita ce a ciki ba.

Sai na ji cinyoyina na ciwo.
Ashe tun ɗazu ina matse kujera da gwiwa,
dugadugaina suna laluben likkafa a kan kafet.

Na taɓa kafaɗarta. "Maren, tashi.
Kar ki kashe tukuna.
Nuna mini inda ake latsawa a sauke sirdi.
Dabbar nan ta yi tafiya,
ba a barin doki ya kwana da kaya."